Abubakar Ar-Razi: Likitan da ya mayar da labarin majinyaci darasin likitoci

Kimanin shekaru 1,100 ke nan da rasuwar Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya Ar-Razi, likitan ƙasar Farisa wanda Turawa suka sani da suna Rhazes. An fi tunawa da shi a matsayin wanda ya fara keɓe littafi guda don bambanta agana da ƙyanda. Sai dai ya bar wani gadon da ya fi wannan shafar aikin likita na yau da kullum, wato yadda yake karantar da likitoci. Majinyaci yake fara ajiye musu a gaba, ya bar su su yi ta tunani da tambaya, sannan shi ya yi magana daga ƙarshe. Abin da ya biyo baya kuma sai ya rubuta shi, ko an dace ko an yi kuskure.

Ya kamata a bambanta shi da Fakhruddin Ar-Razi, malamin tafsiri wanda ya rasu a shekarar 1210. Sunan gari ne ya haɗa su, domin dukansu ana jingina su ga birnin Rayy, amma kusan ƙarni uku ne tsakaninsu.

Haihuwa da tasowa

Masanin nan Al-Biruni, wanda ya tattara sunayen littattafan Ar-Razi, ya ce an haife shi a watan Sha'aban na shekarar 251 bayan Hijira, daidai da 865 Miladiyya, a Rayy. Birnin yanzu ya shige cikin kudancin Tehran, babban birnin Iran, amma a wancan zamani babbar cibiyar kasuwanci ce a kan hanyar fatake da ta haɗa Bagadaza da Khurasan.

Masu tarihin likitoci sun ruwaito cewa bai fara da likitanci ba. A ƙuruciyarsa ya shagala da kaɗa udu, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗan'uwan garaya, daga baya ya koma ga ilimin sarrafa ƙarafa da sinadarai. Sai da ya manyanta ya fuskanci aikin magani. Zaman da ya yi a gaban tukunya da wuta yana gwada sinadarai bai tafi a banza ba, don ya saba masa da gwada abu ya ga sakamakonsa kafin ya yarda da shi.

Ya kuma taso a lokacin da ya dace. A daular Abbasiyawa, masu fassara irin su Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, sun riga sun mayar da littattafan likitocin Girka zuwa Larabci, musamman na Buƙraɗ da Jalinus. Ɗalibin likitanci a zamanin yana da abin karantawa fiye da yadda zai iya cinyewa. Haɗarin da ke ciki shi ne mutum ya haddace littafi, ya ɗauka ya san cuta.

Shugabancin asibiti

Ar-Razi ya shugabanci asibitin Rayy, ya kuma shugabanci asibiti a Bagadaza, hedikwatar daula. A farkon ƙarni na 10 ya rubuta wa gwamnan Rayy, Mansur ɗan Ishaƙ na gidan sarautar Samaniyawa, littafi mai babi goma da aka sa wa suna Al-Mansuri, wanda ya taƙaita ilimin likitanci tun daga tsarin jiki har zuwa zazzaɓi.

Akwai labarin da ya shahara cewa da aka nemi ya zaɓi wurin gina asibiti a Bagadaza, sai ya sa aka rataye nama a unguwanni daban-daban, ya zaɓi inda naman ya fi jinkirin ruɓewa. Ana danganta labarin da asibitin sarki Adudud Daula, alhali an buɗe wannan asibiti wajen shekarar 982, fiye da shekaru hamsin bayan rasuwar Ar-Razi. Labarin dai ya nuna irin kallon da jama'a suka yi masa, na mutumin da ke neman hujja daga abin da ido ya gani.

Majalisin karatu

Bayani mafi daraja game da koyarwarsa ya zo ne a littafin Al-Fihrist na Ibnun Nadim, wanda aka kammala a Bagadaza a 987. Asalin ruwayar daga wani dattijon mutumin Rayy ne da ya ga Ar-Razi ido da ido.

A cewar ruwayar, malamin yakan zauna a majalisinsa, manyan almajiransa na kusa da shi, almajiran almajiransa na bayansu, wasu kuma na bayan waɗannan. Idan mai ciwo ya zo, sahun da ya fara tararwa shi yake faɗa wa damuwarsa. In sun gane cutar, sai su ba shi amsa. In ta gagare su, sai a miƙa shi ga sahun gaba. Sai idan kowa ya kasa ne malamin zai buɗe baki.

Wannan tsari ya juya al'adar karatu da aka saba, inda malami ke zuba bayani almajiri na saurare. A majalisin Ar-Razi matsala ce ke fara zuwa, bayani ya biyo baya. Ƙaramin ɗalibi ba shi da damar fakewa a bayan babba, dole ya yi tambaya, ya auna abin da ya ji da abin da ya karanta, ya faɗi ra'ayinsa a gaban jama'a. Babban almajiri, wanda shi ma ya riga ya zama malamin wasu, bai gama karatu ba, domin matsalolin da suka fi wuya su ne ke isowa gare shi. Shi kansa malamin ba ya samun sai abin da ya gagari kowa, don haka kullum yana gaban abin da zai ƙara masa sani. Majinyaci kuwa bai yi asara ba, tunda akwai na sama da ke sa ido.

Ruwayar ta ƙara da cewa mutum ne mai kyauta da tausayin talakawa da marasa lafiya, yana ciyar da su yana kuma jinyarsu. Ba a raba shi da takarda da alƙalami: duk lokacin da aka shiga wurinsa, ko dai yana zayyana sabon rubutu ko yana gyara tsoho.

Littafin da ba a rubuta don a buga ba

Waɗannan takardu su ne suka zama Al-Hawi, littafinsa mafi girma. Asalinsa kundin ajiya ne na kansa. A ƙarƙashin kowace cuta yakan kwafo abin da likitocin Girka, Siriya, Indiya da Larabawa suka faɗa, sannan ya sa alama ya rubuta abin da shi ya gani a asibiti. Bayan rasuwarsa ne waziri Ibnul Amid ya sayi takardun daga hannun 'yar'uwar marigayin, ya sa almajiransa suka tsara su. Da aka buga shi da Larabci a Haidarabad ta Indiya daga 1955 zuwa 1971, ya kai juzu'i 23.

A cikin Al-Hawi akwai jerin labaran majinyata 33, waɗanda likitan ido kuma masanin tarihi Max Meyerhof ya fassara zuwa Turanci a 1935. Na farkonsu ya isa ya nuna halin marubucin.

Wani mutum mai suna Abdullahi ɗan Sawada ya zo da zazzaɓi marar tsari: wani lokaci kullum, wani lokaci ya tsallake kwana ɗaya, wani lokaci biyu, wani lokaci fiye. Kafin ya taso yakan ji ɗan rawar ɗari, kuma yana yawan fitsari. Ar-Razi ya tsaya tsakanin zato biyu: ko dai zazzaɓin nan ne mai tsallake kwana biyu ke shirin kama shi, ko kuma ƙurji ne a ƙoda. Ba a jima ba mutumin ya fara fitar da mugunya a fitsari, al'amari ya bayyana. Likitan ya ba shi magungunan da ke sa fitsari har ya washe, ya bi da wasu, cikin kimanin wata biyu ya warke.

Da wani ne, a nan labarin zai tsaya, ya zama shaidar gwaninta. Ar-Razi sai ya koma baya ya lissafa abubuwan da suka hana shi gane cutar tun farko. Mutumin ya taɓa fama da zazzaɓi iri-iri a baya, wannan ya ja hankalin likitan ga zato na farko. Bai yi kukan nauyi a ƙugu idan ya miƙe tsaye ba, likitan kuma ya rubuta ƙarara cewa shi ma ya yi sakacin tambayarsa. Haka nan bai san cewa mahaifin majinyacin ya yi fama da raunin mafitsara ba. Ya rufe bayanin da jan hankali a kan taka-tsantsan a gaba.

Shugaban asibiti, wanda sarakuna ke aiko wa, ya ajiye a rubuce tambayar da ya manta bai yi ba. Duk almajirin da ya karanta wannan labari ba zai sake ganin zazzaɓi da yawan fitsari ya ƙi tambayar ƙugu ba. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, Ar-Razi kuma ya nuna inda rashin tambaya ya kusa ɓatar da shi.

Akwai kuma Kitabut Tajarib, wanda ya ƙunshi labaran majinyata kusan 900 da aka rubuta daga zaman duba marasa lafiya da yake yi, aka jera su daga ciwon kai zuwa na ƙafa. Almajiri ne ya tattara su, abin da ke nuna cewa rubuta labarin majinyaci ya zama al'adar makarantar baki ɗaya.

Gani ya kori ji

Ar-Razi yana girmama Jalinus matuƙa, yana ɗaukar kansa almajirinsa duk da ƙarnonin da ke tsakaninsu. Amma ya rubuta littafi sukutum a kan shakkun da yake da su game da wasu maganganunsa. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa yadda zazzaɓi ke tafiya a jikin majinyatan da ya lura da su a asibitocin Bagadaza da Rayy sau da yawa bai dace da yadda Jalinus ya siffanta ba. A ganinsa, ilimi yana ƙaruwa ne idan na baya ya duba aikin na gaba ya gyara.

A wani wuri cikin Al-Hawi ya ba da labarin majinyatan da suka nuna alamun da yake ganin suna gabatar da kumburin ƙwaƙwalwa, cutar da ake kwatantawa da sanƙarau. Ya tsaga jijiya ya fitar wa wasu jini, ya bar wasu da gangan don ya kwatanta sakamakon. Likitancin yau ya yi watsi da fitar da jini a matsayin maganin sanƙarau, wanda ake yaƙa da allurar rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Abin da masana tarihi ke jinjina wa shi ne tunanin kwatanta rukuni biyu kafin a yanke hukunci, tunanin da a kansa aka gina gwajin magunguna na zamani.

Littafinsa na agana da ƙyanda ma daga irin wannan lura ya fito. Ya nuna cewa ciwon baya ya fi tsanani a agana, yayin da tashin zuciya da rashin natsuwa suka fi yawa a ƙyanda. An fassara shi zuwa Turancin Ingilishi a 1848. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana kawar da agana a 1980, amma ƙyanda har yanzu tana kashe yara a Najeriya.

Bai manta da waɗanda ke nesa da asibiti ba. Ya rubuta littafi don wanda babu likita a kusa da shi, inda ya kawo magungunan da talaka da matafiyi za su iya samu cikin sauƙi. Ya kuma yi rubutu a kan yadda za a jarraba likita, da dalilin da ya sa jama'a ke barin ƙwararru su tafi wurin 'yan damfara.

Ƙarshen rayuwa

A wani ɗan littafi da ya rubuta game da rayuwarsa, ya ambata cewa a shekara guda ya taɓa rubuta sama da shafi 20,000 da ƙananan haruffa, kuma ya shafe shekaru 15 yana aikin wani babban kundi dare da rana, har ganinsa ya raunana, hannunsa ya sage. Duk da haka bai daina ba, sai ya riƙa neman wanda zai karanta masa ya kuma rubuta masa.

Ya koma Rayy, yanar ido ta rufe masa gani. An ruwaito cewa an yi masa tayin aikin ido ya ƙi. Ya rasu a garin haihuwarsa a watan Sha'aban na 313 bayan Hijira, wato Oktoban 925. Al-Biruni ya ƙirga masa littattafai 184 a fannonin likitanci, sinadarai, falsafa da sauransu.

Ra'ayoyinsa na falsafa sun jawo masa suka mai zafi. Wani ɗan garinsu, Abu Hatim Ar-Razi, ya jingina masa maganganu game da annabci waɗanda malamai suka yi tir da su. Littattafan da ake cewa ya faɗi hakan a ciki sun ɓace, masana kuma sun saɓa a kan ko abokan jayayyarsa sun naƙalto shi daidai. A fagen likitanci kuwa, har masu sukar falsafarsa sun sallama masa.

Daga Rayy zuwa makarantun zamani

Gerard na Kremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara Al-Mansuri zuwa Latin a birnin Toledo na Sifen, kuma babinsa na tara ya daɗe ana karantar da shi a jami'o'in Turai. Andreas Vesalius, uban ilimin tsarin jiki na zamani, a kan wannan babi ya yi rubutunsa na 1537. Al-Hawi kuwa wani likita Bayahude, Faraj ɗan Salim, ya fassara shi a 1279 bisa umarnin sarkin Sisili, aka buga shi a Brescia ta Italiya a 1486.

Hanyar koyarwa irin tasa ta sake ɓullowa daga baya ta wata ƙofar, domin buƙatar ba ta canza ba. A Boston ta Amurka, Richard Cabot ya wallafa littafin koyarwa da labaran majinyata a 1906, kuma a 1912 ya kwatanta abin da likitoci suka zata da abin da binciken gawa 3,000 ya nuna, ya fito da kurakurai masu yawa a fili. A 1969 Jami'ar McMaster ta Kanada ta buɗe makarantar likitanci da aka gina a kan warware matsala: ƙaramin rukunin ɗalibai, labarin majinyaci, da malami mai jagora ba mai lacca ba. A Najeriya, Farfesa Eldryd Parry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama shugaban farko na tsangayar likitanci ta Jami'ar Ilori, wadda ta shahara da tura ɗalibai cikin al'umma su koyi aiki daga matsalolin da suka tarar.

Ga likitocin da suka riga suka fara aiki ma, bincike ya goyi bayan hanyar. Wani nazari da David Davis da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka a 1999 ya gano cewa lacca zalla ba ta cika sauya yadda likita ke aiki ba, amma zaman da ake tattaunawa da gwada aiki yana iya sauyawa.

Abin da ya shafi Jalingo

A Najeriya, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori, wato MDCN, ta shardanta wa likita ya nuna shaidar ci gaba da neman ilimi kafin a sabunta masa lasisi. Sharaɗin yana iya cika da zaman sauraren lacca da sa hannu a takarda. Yana kuma iya cika da irin majalisin Rayy. Bambancin yakan fito ne a gefen gadon majinyaci.

Jihar Taraba misali ce a fili. Jalingo, hedikwatar jihar tun ƙirƙirarta a 1991, ita ke da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, inda ake turo majinyata daga ƙananan hukumomi 16, wasu daga tsaunin Mambila bayan tafiyar sa'o'i masu yawa. Jihar tana cikin waɗanda Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ke yawan ambata a rahotannin zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu.

A kwanakin farko, zazzaɓin Lassa yana kama da na cizon sauro da taifot: zafin jiki, ciwon kai, kasala. Maganin ribavirin da ake ba masu cutar ya fi amfani idan an fara shi da wuri, jinkiri kuma yana jefa majinyaci da ma'aikatan jinya cikin haɗari, tunda cutar tana yaɗuwa ta jini da sauran ruwan jiki. Kafin sakamakon gwaji ya fito, abin da ke sa likita ya yi zato shi ne tambaya: kwana nawa ke nan, an sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, akwai wani a gida da ya yi irin wannan ciwo, ɓeraye na shiga wurin ajiyar abinci? Irin halin da Ar-Razi ya shiga ne da Abdullahi ɗan Sawada, zazzaɓin da aka saba gani yana ɓoye wanda ya fi shi haɗari.

Likitan da ke Gembu ko Takum ko Karim Lamido ba zai iya barin majinyata ya tafi kwas a kai a kai ba. Amma yana iya rubuta labarin majinyacin da ya rikita shi, ya gabatar wa abokan aiki a asibitinsa, ko ta wayar salula ga ƙwararrun da ke Jalingo, ba tare da bayyana sunan mai ciwon ba. Abubuwa uku da tsarin Ar-Razi ya dogara a kansu ba sa buƙatar kasafin kuɗi mai yawa: a rubuta abin da ya faru dalla-dalla, a bar ƙananan likitoci su fara magana kafin manya, kuma babba ya yarda ya faɗi tambayar da ya manta bai yi ba. Na ukun ya fi wuya, domin sai wurin aiki ya zama inda faɗin kuskure ba ya jawo wulaƙanci. A Rayy, shugaban asibitin ne ya fara sa nasa a rubuce.